A bar Sadiku ya buga kofin unguwa, ko a ware musu ranarsu daban?

Koci Bala: Salamu alaikum 'yan guruf. Tun jiya wayata bata huta ba akan sunan Sadiku da ban sa a jerin 'yan ƙasa da 17 da zasu buga mana kofin bayan Sallah a nan Agege ba, to bari in faɗa a nan kowa yaji in huta. Yaron nan shekara biyu yana zuwa tirenin duk Asabar baya fashi, wlh ina sonsa. Amma tirenin daban gasa daban, kun san irin ƙartin da ake kawo mana da sunan 'yan 16, wani da gemunsa. Yaro mai galahanga in aka taka shi wa za a kama in ba ni ba? Ni a ganina irinsu a ware musu ranarsu su buga da juna, a raba jesi da lemo kowa ya tafi gida da murna. Dama wasanninsu na faranta rai ne, ba gasa bace ta gaskiya.

Maman Sadiku: Wa alaikumus salam. Koci nagode da ka fito fili, tsoron da kake ji nima uwa ce ina jinsa fiye da kai. Amma wannan maganar ta ƙarshe ita ta ƙona min rai. Yaron da tun daren Juma'a yake wanke takalminsa ya jera shi bakin ƙofa, ya hana kowa taɓawa, shi zaka cewa wasansa ba na gaske bane? Kuma ranar tasu da kake faɗa ina take, wa ya taɓa ware ta a unguwar nan?

Danliti Mile 12: Hajiya kiyi haƙuri amma koci yana da gaskiya. Ko Turawan da muke kwaikwayo sai da suka cire masu matsalar ƙwaƙwalwa daga Paralympics, gasar Olympics ta masu naƙasa, shekara da shekaru, na taɓa ji a rediyo. In su da kuɗinsu da likitocinsu sun kasa, mu da ko akwatin magani babu a fili fa?

Malam Inuwa: Danliti rabin labarin ka ji. A Sidni ne shekarar 2000, tim ɗin ƙwallon kwando na Sifen ya ci zinare a rukunin masu raunin fahimta, daga baya wani ɗan jarida da yake cikin tim ɗin ya fasa ƙwai, ashe 10 cikin 'yan wasa 12 lafiyarsu ƙalau. Masu lafiya suka yi maguɗi, aka hukunta masu lalura, ba a dawo dasu ba sai a Landan 2012, a guje-guje da ninƙaya da tebur tenis. Kaga ba kasawa suka yi ba, an cuce su ne. Kuma ka tambayi kanka, mutum zai yi ƙaryar naƙasa don ya ci kofin da "ba na gaske ba"?

Danliti Mile 12: Toh Malam an ji, na sha gyara. Amma Special Olympics ɗin nan, wasannin masu raunin fahimta, ai kowa rataya masa abu ake yi a wuya, na gani a Facebook, wanda yazo na ƙarshe ma yana ta murna. Wannan gasa ce ko walima?

Malam Inuwa: Gasa ce. Abin da suke yi shine kafin wasan ƙarshe sai a gwada kowa, a haɗa waɗanda ƙarfinsu ya zo kusa a rukuni ɗaya, mutum 3 zuwa 8, bisa shekaru da jinsi da iyawa. Na ɗaya zuwa na uku su ke karɓar zinare da azurfa da tagulla, sauran kintinkiri ake basu na matsayin da suka zo. Ai ko dambenmu na gargajiya ba a haɗa ƙaramin yaro da babban shago. Eunice Kennedy Shriver ce ta fara abin a Cikago 1968, 'yar'uwarta Rosemary tana da raunin fahimta. Najeriya ma muna da reshe kuma a Legas ɗin nan yake, 'yan wasanmu sun je Abu Dabi 2019 sun je Balin ta Jamus 2023. Sannan abin da yafi shafarmu, suna da tsarin da ake cakuɗa masu lalura da marasa lalura a tim ɗaya, su yi tirenin tare su buga tare. Wato abin da koci yake cewa bazai yiwu ba, wasu sun daɗe suna yinsa.

Ummi Nas: Bari in sa baki ta ɓangaren aikina. Da farko dan Allah a daina cewa taɓin hankali, tun ɗazu wani ya turo min haka ta gefe. Sadiku ba mahaukaci bane, Down syndrome gare shi, ƙarin kuromosom na 21 aka haife shi da shi, koyo ne yake ɗaukarsa lokaci. Amma Koci Bala ba shirme yake ba, kusan rabin yaran da ake haifa da ita suna zuwa da matsalar zuciya, wasu kuma ƙashin wuyansu na sama yana da sako-sako, irin wannan sa kai a ƙwallo ko faɗuwa da ƙarfi na iya zama haɗari. Maganin wannan likita ya duba shi ya rubuta takarda, ba a zauna a yanke hukunci da ido ba. Anti an taɓa masa hoton zuciya?

Maman Sadiku: An yi yana jariri aka ce lafiya, tun daga nan ba a sake ba. Na wuya kam ban ma taɓa jin labarinsa ba sai yau, Allah ya saka Ummi.

Alhaji Garba: Jama'a abin nan bai kai haka ba. A sa sunansa, in mun ci da yawa saura minti biyu a sako shi, in yi magana da ɗaya kocin su buɗe masa hanya ya zura ƙwallo, a ɗauki bidiyo, uwarsa taji daɗi mu samu lada. Shikenan an kashe wutar.

Mubarak: Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, amma dan Allah kar ayi haka, wannan ɗin ne ma yafi ciwo. Ni ne yayansa, ni nake kai shi ko'ina. Bara wasu suka gayyace mu wani taron wasan masu buƙata ta musamman, muka shiga danfo tun bakwai na safe, aka shanya yaran nan a rana har wajen biyu ana jiran babban baƙo, da yazo aka sa musu jesi aka yi hotuna, aka ajiye wa Sadiku ƙwallo gaban raga gola ya faɗi gefe tun kafin ya buga, mutane suna ta tafi. Baƙo na tafiya aka karɓe jesunan aka zuba a buhu. A hanyar dawowa bai ce min uffan ba har muka wuce Oshodi, can sai yace Yaya golan nan da gangan ya faɗi ko. Kuna zaton basa ganewa, wlh suna ganewa sarai.

Alhaji Garba: Subhanallahi. Ni da alheri na nufa ɗana.

Mubarak: Na sani Baba. Yana kusa dani yanzu na karanta masa, yace in rubuta muku: shi baya son a bashi, yana son koci ya gwada shi kamar su Haruna, in bai iya ba zai zauna a benci amma da jesi. Kuma yace a daina kiransa dolo a fili, sunansa Sadiku.

Sani Keke: Gaskiya wannan na ƙarshen laifinmu ne mu 'yan kallo, har ni na taɓa faɗa. Kuma tsakani da Allah yaron nan fasin ɗinsa na kusa yafi na Haruna, gudu ne dai babu. Ba ga wani Ba'amurke Chris Nikic mai irin lalurarsa ba, a 2020 ya gama Ironman, ninƙaya kusan kilomita 4, keke 180, gudu 42, duk a rana ɗaya.

Danliti Mile 12: Mutum ɗaya a duniya Sani, kada mu ruɗi kanmu. Ni dubu ashirin na zuba a kofin nan kuma so nake mu ci, ba zan ɓoye ba.

Maman Sadiku: Ni ban ce ɗana Chris bane Danliti, ban kuma ce a bashi gurbin wanda ya fi shi ba. Yara nawa ne a jerin nan da basu taɓa cin ko ƙwallo ɗaya ba, wa ya nemi su zama zakarun duniya kafin a rubuta sunansu?

Malam Inuwa: Kuma a tuna akwai doka, Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa a Janairun 2019, Legas ma tana da tata tun 2011 har da LASODA, ofishin kula da harkokin masu naƙasa. Ban ce za a kai koci ƙara ba kafin ya tsorata.

Koci Bala: Malam doka bata tsaron baya. Amma naji, maganar "ba gasa bace" na janye ta, Hajiya ki yafe min. Ga sharaɗina: takardar likita ta zuciya da wuya, in babu ita ko Sarkin Hausawan Agege ne ya kira ni bazan sa shi ba. In ta fito lafiya, Asabar ta sama ƙarfe bakwai zan gwada su biyar akan gurbi biyu na benci, shi da su Haruna, gwaji iri ɗaya, kuma in bai kai ba kar wanda ya kira ni.

Danliti Mile 12: Ni dai ina nan akan bakana, gasar kofi ba wurin gwaji bace.

Ummi Nas: Anti zan tambayo kuɗin hoton zuciyar gobe in na shiga aiki, ba araha gare shi ba yanzu. Alhaji in ya fi ƙarfinsu za a iya taɓa asusun tim?

Alhaji Garba: A bar asusu, ki turo min adadin ta gefe.