Wace Kalma Za Mu Ba "Engagement" a Karatun Intanet?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa malamai da masu fassara. Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rufe jami'o'i aka koma ɗaukar darasi ta Zoom da Google Classroom da zaurukan WhatsApp, kalmomi biyu na Turanci suke ta maimaituwa a rubuce-rubucen masu nazarin ilimi, wato "engagement" da "self-efficacy", kuma har yau kowa da yadda yake juya su zuwa Hausa. Na duba shawarwarin da kuka kawo na kalmomin Hausa da za a fassara su da su, irin su "halarta" da "himma", ga kuma inda ra'ayina ya tsaya.

Malam da ya kawo "halarta" a matsayin fassarar "engagement", Allah ya ƙara sani, amma ina ganin karatun intanet da kansa ya rushe wannan zaɓin. Ga ɗalibi sunansa yana kan allon Zoom tun daga farkon darasi har ƙarshe, ya kashe kyamara don kada data ta ƙare, ya rufe makirufo, ya jefa wayar a aljihu yana auna wa masu saye shinkafa a shagon mahaifinsa. Ga kuma ɗaliba wadda ba ta samu shiga darasin ba saboda babu wuta kuma sabis ya ɗauke, sai da dare ya raba, lokacin da data take araha, ta sauke muryar malamin da aka naɗa, ta saurara tana rubutawa a littafinta, kafin asuba ta tura tambaya a zauren ajinsu. Na farkon ya halarta, amma abin da masana suke nufi da "engagement" yana wurin ta biyun, wadda rajista za ta nuna ba ta zo ba.

A wani nazari da ya shahara na shekarar 2004, masu nazarin ilimi Fredricks da Blumenfeld da Paris sun kasa ma'anar gida uku: abin da ɗalibi yake aikatawa a zahiri, da yadda zuciyarsa take jin karatun, da irin wahalar da yake ba tunaninsa domin ya fahimta. Duk kalmar da za mu ɗauka dole ta iya riƙe ukun nan. "Mai da hankali" ta kama na ukun ne kawai. "Himma", wadda Malama ta kawo kuma na daɗe ina juya ta a raina domin kyawunta, ta fi zama hali da mutum yake da shi a ko'ina, a gona ko a kasuwa, alhali abin da muke nema yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon darasi da malami. "Shagala" kuwa ta fi karkata ga abin da yake ɗauke mutum daga aikin da ya kamata ya yi.

Ni dai na tsaya a kan "duƙufa". Bahaushe ya riga ya saba cewa wane ya duƙufa a kan karatu, kuma duk wanda ya ji haka yana ganin mutum ya sunkuya da jikinsa, ya tattara hankalinsa, ya sa ransa a kan abu guda ba tare da an tsaya a kansa ba. Tana kuma karɓar ƙari cikin sauƙi: duƙufar aiki, duƙufar zuciya, duƙufar tunani, ƙarancin duƙufa.

Kalma ta biyu, wato "self-efficacy", ba ta kai wannan wuya ba. Albert Bandura, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Stanford, shi ne ya fito da ita a 1977, kuma abin da yake nufi shi ne tabbacin da mutum yake da shi cewa zai iya wani aiki takamaimai. "Dogaro da kai" tuni ta zama ta sana'a da neman abinci, don haka a bar ta a can. "Yarda da kai" ta yi faɗi, domin akwai ɗalibin da ba ya shakkar magana a gaban jama'a, amma gabansa yana faɗuwa idan aka ce ya ɗora aikinsa a shafin makaranta kafin sha biyun dare. "Yarda da iyawa" ita ce ta dace, kuma da ita za mu iya rubuta jimla da kowa zai gane: ɗalibin da ya yarda da iyawarsa ya fi duƙufa, ko da sabis ya yanke masa a tsakiyar darasi.

Akwai wuri ɗaya da "duƙufa" ba ta kai ba, wato inda Bature yake amfani da kalmar "engagement" a kan aikin malami. Ba a cewa malami ya duƙufa ɗalibai, kuma bai kamata mu tilasta wa harshen abin da ba ya so ba. A nan sai mu rubuta cewa malami ya sa ɗalibai sun duƙufa, ko ya jawo hankalinsu ga darasi, ya danganta da abin da jimlar take nufi.