Yaro ya ji ciwo a layinmu amma allon sefti bai canza ba, in kai rahoto ko in ja bakina?

Ɗan_Tudun_Jukun:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu aikin kamfani da waɗanda suka san harkar sefti ku ba ni shawara. Ina aiki a wata masana'anta irin manyan nan masu rassa a ƙasashe da yawa, ba zan kama suna ba kuma kar a bi ni ta inbos ana tambaya. Kwanan nan aka naɗa ni wakilin sefti na shif ɗinmu, ba ƙarin ko kwabo a albashi, riga mai ƙyalli kawai aka ba ni da littafin rubuta rahoto. To satin da ya wuce da daddare kaya suka maƙale a bel ɗin layin fakin, wani yaro ɗan kajuwal da ɗan kwangila ya kawo ya zura hannu zai zaro, rola ta kama masa yatsu biyu. Ragar ƙarfen da ke rufe wurin an daɗe da cire ta wai tana ɓata lokaci in za a gyara maƙalewa, kowa ya sani har sufabaiza. Maimakon a kai shi kilinik ɗin kamfani sai aka sa shi a keke napep aka kai shi wani ƙaramin asibiti a gari aka ɗaure, aka ce kullum ya zo da safe ya sa hannu a rajista ya zauna a sito ko da ba zai taɓa komai ba. Allon bakin get mai ƙirga kwanakin da aka yi ba hatsari yana nan yana ta hawa abinsa kamar ba a yi komai ba, kuma in ya kai ƙarshen shekara akwai bonas da shinkafa da mai ga kowa. Ni dai hannun yaron bai min kyau ba wlh, ya kumbura. In na rubuta zan zama maƙiyin shif gaba ɗaya, in na yi shiru zuciyata ba ta kwanta ba. Kuma shin ɗan kajuwal yana da wani haƙƙi a doka ko sai dai haƙuri?

Sarkin_Kwangila:

Abokina ka rufa wa kanka asiri. Ka san yawan masu digiri daga jami'ar ABU, Samaru da Kongo, da ke yawo da fayil suna neman irin aikin da kake yi? Turawan nan da kake gani a fosta suna murmushi da hular kwano ba su san da zamanka ba, sufabaizan da za ka kai ƙara shi ke rubuta sunan masu obataim. Ku yi wa yaron karo-karo ku kai shi wajen mai ɗori, Allah ya kiyaye gaba.

Injiniya_HSE:

Wa alaikumus salam ƙanena. Sarkin Kwangila ban ce tsoronka ba shi da tushe ba, amma bari in faɗi yadda abin yake daga ciki don wannan ita ce sana'ata, ina yi a Legas duk da gidanmu na Samaru.

Zaman da aka ce yaron ya riƙa yi a sito ba tausayi ba ne, lissafi ne. Manyan kamfanoni suna auna kowane reshe da yawan raunin da ya hana ma'aikaci zuwa aiki, ana raba shi da awannin aikin da aka yi, wannan lambar ke tafiya hedikwata duk wata kuma da ita ake auna manajan masana'anta har da nasa bonas. In yaro ya sa hannu a rajista to a takarda bai rasa ranar aiki ba, shi ke nan lamba ta tsira. Shi ya sa ni ban ƙaunar allon nan na bakin get, musamman in an ɗaura masa shinkafa, don yana mai da abokan aikin mutum 'yan sandan da za su hana shi cewa ya ji ciwo. A Afrilun 2010 ranar da dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya fashe a tekun Amurka, manyan kamfani suna kai sun zo ziyara har da yaba wa ma'aikata kan shekara 7 ba raunin da ya hana aiki, daren nan mutum 11 suka mutu. Matatar man BP ta Texas City a Amurka ma a 2005 lambobinta na ƙananan raunuka suna da kyau, ta yi bindiga ta kashe mutum 15, kuma dukkansu ma'aikatan 'yan kwangila ne. To ka ga allo ba ya gaya maka komai game da ragar da aka cire.

Abin da ya fi damuna a labarinka ma ba ɓoyewar ba ce, rolar ce, don tana nan a buɗe yau da daddare wani zai sake zura hannu. A ƙa'idar aikinmu safar hannu da hular kwano da takalmin sefti su ne matakin ƙarshe, mafi rauni. Kafin su ana fara tambaya ko za a iya kawar da haɗarin gaba ɗaya, wato me ya sa kayan ke maƙalewa tun farko, in ba zai yiwu ba a sa raga mai suwic wadda in an buɗe ta injin zai mutu da kansa, sannan dokar kashe wuta a sa kwaɗo, makullin yana aljihun wanda zai sa hannu a injin, ba wanda ya isa ya kunna sai shi ya cire. Kusa da rola safar hannu ma ƙara haɗari take yi, ita ake fara kamawa ta ja hannun. Kuma rufe sassan injin masu haɗari ba alfarmar turawa ba ce, yana cikin dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987, wadda kuma ta ce raunin da ya hana mutum aikinsa sama da kwana 3 sai an sanar da sufeton masana'antu na ma'aikatar ƙwadago.

Game da kora, in kamfaninku na da satifiket ɗin ISO 45001, wato ƙa'idar duniya ta lafiya da sefti a wurin aiki wadda ta fito a 2018, duba bangon risefshan za ka gan shi a firem, to a cikinsa an rubuta sai an tuntuɓi ƙananan ma'aikata kuma a cire abin da zai hana su magana kamar barazana ko ramuwa, kuma ma'aikatan ɗan kwangila suna ciki. Mai odit na kirki in ya zo ba fayil kawai yake dubawa ba, yana zuwa kilinik ya gwada rajistarsu da ta sashen sefti, ya tsayar da lebura ya tambaye shi. Ranar da abin ya fito, kuma yana fitowa, sunan wa za a nema? Wakilin sefti na shif ɗin, kai ke nan. Littafin da aka ba ka shi ne zai cece ka ko ya kashe ka.

Baba_Kakuri:

Yaro Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Ni na yi aikin masaƙa a Kaduna tun ana cika Kakuri da kekuna lokacin tashi, yanzu ina zaune Tudun Wada jikata ce ke buga min wannan. Mu a zamaninmu in injin ya ci yatsa ƙaddara ake cewa a yi jaje a wuce, amma wanda ya fi yi mana ɓarna ba mai jini ba ne. Ƙarar ɗakin saƙa da ƙurar auduga su suka gama da mu a hankali, yau sa'o'ina da yawa sai an ɗaga murya suke ji, wasu ƙirji ya riƙe su tari ba dare ba rana, kuma ba allon da ya taɓa ƙirga wannan. Masaƙun sun rufe, wa za ka kama? To in ka samu bakin magana kar ka tsaya kan yatsu kawai, ka duba abin toshe kunne da takunkumi ana ba 'yan kajuwal ko sai masu aikin dindindin. Kuma kuna da ƙungiya? In akwai, kar ka tafi kai kaɗai, ka ja shugaban reshe ku shiga tare, mu da haka muke samun kan manaja.

Injiniya_HSE:

Baba Allah ya ƙara lafiya, gaskiya ka faɗa. Ma'aunin ƙarfin ƙara da aka fi amfani da shi desibel 85 ne a aikin awa 8, daga nan kunne ya fara lalacewa kuma ba ya dawowa. Ko ba na'ura, in sai ka yi ihu mutumin da ke tazarar hannu ɗaya da kai zai ji ka, wurin ya kai a toshe kunne.

Anti_Lauya_Kongo:

Bari in amsa tambayarka ta ƙarshe tunda ba wanda ya taɓa ta sosai. Eh ɗan kajuwal yana da haƙƙi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da ta fassara ma'aikaci ta haɗa da na wucin gadi da ɗan koyo da ɗan kajuwal, ko da yarjejeniyar baki ce ba takarda. Hukumar NSITF, wato ta inshorar ma'aikata, ke riƙe da asusun diyyar, mai ɗaukar aiki ke zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga albashinsu. Ba sai yaron ya tabbatar laifin kamfani ne ba, rauni a bakin aiki ya isa, har hatsarin hanya tsakanin gida da wurin aiki dokar ta haɗa da shi. Amma akwai lokaci, kuma nan ne talaka ke faɗuwa: ma'aikaci ya sanar da mai aikinsa cikin kwana 14, shi kuma mai aikin ya kai wa hukuma rahoto cikin kwana 7, neman diyya kuma cikin shekara guda. Tunda ka ce satin da ya wuce ne to gobe-goben nan ya rubuta 'yar takarda, rana da lokaci da wurin da abin ya faru da sunan shaidu, kwafi biyu, ɗaya ga ɗan kwangila ɗaya ga kamfani, a buga masa hatimi a nasa. Rigimar da za a yi ita ce kamfani zai ce ba ma'aikacinmu ba ne na ɗan kwangila ne, shi kuma ɗan kwangila wataƙila bai taɓa zuba ko sisi a NSITF ba, shi ya sa nake cewa a ba su duka biyun. In ta ƙi ci akwai kotun ma'aikata ta ƙasa, tana da reshe a Kaduna. Kuma don Allah kar ya sa hannu a wata takarda da za a kawo masa da ɗan kuɗi a ambulan sai wani ya karanta masa.

Maman_Hanan:

Ni nas ce, ku yi ta doka amma hannun nan fa? Yatsun da rola ta matse kuma ya kumbura har yanzu ba aikin mai ɗori ba ne Sarkin Kwangila, ka yi haƙuri. A kai shi Shika ko wani babban asibiti a yi hoto a ga ƙashi da jijiya, a duba allurar tetanus. In yatsa ya fara baƙi ko sanyi ko ba ya jin taɓi ko wari na fita, ko zazzaɓi ya zo, ba jiran safiya. Katin asibiti da hoton ma su ne shaidar da Anti Lauya za ta buƙata.

Ɗan_Tudun_Jukun:

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Na je gidansu yaron a Sabon Gari bayan la'asar, yayansa zai kai shi hoto da safe, takardar kuma mun rubuta tare. Ƙungiya akwai amma 'yan kajuwal ba sa ciki Baba. Yallabai Injiniya abin da ya rage min shi ne wa zan ba rahoton, don fom ɗin sai sufabaiza ya sa hannu kafin ya wuce, kuma shi ne ya kira napep ɗin.

Sarkin_Kwangila:

Ka gani ko. Ni dai na faɗa, watan gobe za ka zo nan kana tambayar inda ake ɗaukar aiki.

Injiniya_HSE:

Ba dole ta hannunsa ba. Ka rubuta a littafinka da kwanan wata, ka ɗauki hoton shafin da wayarka, ka kai wa manajan sefti na masana'anta kai tsaye, shi ba ƙarƙashin masu furodakshan yake ba a yawancin kamfanonin nan. Ka rubuta abin da ya faru kawai, ƙarfe nawa, wane layi, raga ba ta wurin tun yaushe, ina aka kai yaron, ban da zagi ban da cewa wane mugu ne, kuma ka fara da ragar don ita ce ba mai iya musawa, ana zuwa za a gani. In ya yi shiru kwana biyu, duba fostocin kantin ko bayan katin shaidarka, irin waɗannan kamfanoni kusan duk suna da lambar waya ko shafin intanet na kai ƙorafi a asirce wanda ke tafiya hedikwata ba ta hannun manajan nan ba. Shugaban ƙungiya kuma ka gaya masa duk da haka, yaron ba ɗansu ba ne amma 'yan ƙungiyar ma a kan rolar nan suke aiki, kai ma memba ne in an taɓa ka. Yau da daddare kafin a kunna layin ka ce a mayar da ragar ko a rubuta maka a littafi wanda ya ce a yi aiki ba ita, da wuya ka samu mai yarda ya sa sunansa.