Neman shawara: an nuno jami'armu a talabijin, na ɗora a YouTube an toshe

Admin na tsofaffin ɗalibai: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka mini, kaina ya ɗaure. Ni ke riƙe da shafin ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai, kuma an ɗora mini haɗa bidiyon da za a haska a taron shekara. A cikin wani shiri mai dogon zango an nuno ƙofar jami'armu da ginin laburare, har wata jaruma ta ambaci sunan tsangayarmu. Guruf ɗinmu ya kacame da murna, kowa na cewa a adana. Na ɗauka da waya daga talabijin, amma baƙaƙen layuka sai yawo suke a hoton, sautin kuma kamar daga cikin rijiya. Duk da haka na ɗora a YouTube, sai ga saƙo wai an toshe saboda haƙƙin mallaka. Shugaban ƙungiya ya riga ya sanar cewa za a nuna, ma'aji ya ce ba kuɗin sayen komai, wasu kuma sun fara cewa ginin ma ba namu ba ne. Za a maimaita shirin ƙarshen mako. Me zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ba ka faɗi abu biyu ba: wace irin dikoda ce, kuma me saƙon ya ce daidai? In dikodar tashoshin kyauta ce mai ramin USB, sa filashi ka danna REC a rimot, za ta ba ka fayil mai ƙarewa da .ts. Ka kula, filashin da ke kan tsarin adana fayil na FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce 4GB. In ta biyan kuɗin wata-wata ce, abin da ta naɗa a kulle yake, ba ya buɗewa a kwamfuta. Sai ka nemi na'urar ɗaukar bidiyo ta HDMI zuwa USB: kebul daga dikoda ya shiga na'urar, ita kuma ta shiga kwamfuta, ka buɗe manhajar naɗar bidiyo ta OBS Studio, kyauta ce. Ka naɗa a nau'in fayil na MKV, ba MP4 ba, domin in kwamfuta ta mutu a tsakiya MP4 yakan lalace gaba ɗaya, MKV kuwa yana tsira. Daga baya OBS ɗin zai mayar maka da shi MP4. In ka ga allo baƙi ƙirin, kariyar HDCP ce, wadda ke hana kwafar bidiyo ta HDMI. To sai ka koma kan wayoyin nan uku, rawaya da fari da ja, da na'urar da ke karɓarsu. Hoton zai ragu, amma zai fito.

Hajiya 'yar Shari'a: Injiniya ka yi gaba da yawa. Matsalarsa ba naɗa ba ce, izini ne. Gini na jami'a ne, amma hoton da aka ɗauka na masu shirin ne. Malam Admin, duba saƙon da kyau. In da'awar Content ID ce, wato tsarin YouTube na gano kayan wasu, na'ura ce ta gane bidiyon ta toshe shi, shafinku bai samu tabo ba. In kuwa gargaɗin haƙƙin mallaka ne, wannan mai shirin ne ya nemi a sauke, gargaɗin yana ɗaukar kwana 90 kafin ya goge, kuma uku in suka taru rufe shafin ake yi. Kada ka sake ɗorawa. Rubuta wa kamfanin da ya shirya: sunan shirin, lambar kashi, minti da daƙiƙar da wurin ya fara da inda ya ƙare, inda za a haska, da cewa ba a karɓar kuɗin shiga.

Admin: Hajiya ai daƙiƙa 40 ne kacal, kuma na rubuta a ƙasa cewa ba nawa ba ne. Kuma jami'armu ce fa suka nuna, mu ne ma muke tallata musu shirin.

Hajiya 'yar Shari'a: Babu wata ƙa'ida da ta ce daƙiƙa kaza halal ne. Rubuta "ba nawa ba ne" kuwa shaida ce a kanka. Ko ka ɓoye bidiyon sai mai linki, Content ID na bincika shi.

Ɗan ajin ƙarshe: Ni abin da ke ba ni haushi, kullum haka ƙungiyoyin nan suke. A sanar da abu a bainar jama'a kafin a tambayi wanda zai yi aikin. Kuɗin wata-wata da ake tarawa ina suke zuwa, in na'ura ɗaya ta gagara?

Injiniya: Wannan maganar wata rana ce. In dole sai waya, ga gyara: kashe fitilun ɗaki, ƙure hasken bayan allon talabijin, domin rage shi ne ke sa wasu allunan ƙyaftawa. Shiga yanayin Pro na kyamara, sa saurin shata (shutter speed) 1/50, in layukan ba su tsaya ba gwada 1/60. Kafa wayar a kan abin riƙe, ja baya kamar mita biyu ka ɗan zuƙo hoton, zanen nan mai kama da raga zai ragu. Sauti kuma kada ka dogara da lasifikar ɗaki. In ka tura a WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, har 2GB yana ɗauka kuma ba ya matse shi.

Malama Laburare: Kafin duk wannan wahalar, ku tabbatar ginin naku ne. Masu shirya fim sun saba ɗaukar wata makaranta su laƙaba mata sunan wata. Jami'ar Harvard ɗin da aka gani a fim ɗin The Social Network na 2010, an ɗauki wuraren harabarta da dama ne a jami'ar Johns Hopkins. Tsayar da hoton ka ƙirga tagogi da hawa, ka dubi matakala da rubutun kan ƙofa, ka gwada da hoton ginin na shekarun nan, ba wanda ke cikin kanku ba. Sannan ka jira sunayen da ke gudana a ƙarshen shiri, nan ake gode wa wuraren da aka yi ɗauka. Ofishin hulɗa da jama'a na jami'a ma zai sani, don yawanci ta hannunsu izinin ɗauka ke bi.

Admin: Malama ginin nan na san shi, ba sai na ƙirga taga ba. Wasiƙa kuma yaushe za su amsa, taro ya matso?

Injiniya: Naɗa kawai ka haska a zaure da majigi, ba wanda ya ce sai ta YouTube.

Hajiya 'yar Shari'a: Haskawa a taron jama'a ma izini take buƙata, Injiniya.

Admin: To yanzu wanne zan bi? Dikodar dai ta biyan wata ce. Saƙon kuma na goge shi tun jiya, a ina zan sake ganin irinsa?