In an kawo maka tsohuwar wuƙa, da me kake gane darajarta?

Na Ƙofar Guga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bana masu fito da kayan gado suna sayarwa sun yi yawa, matsin rayuwa ya sa. Jiya wani dattijo ya kawo min barho, tsawonsa daga gwiwar hannu zuwa yatsu, ƙotar ƙahon sa, kuben jar fata, ya ce na kakansa ne. Ina so kowa ya faɗi abin da ya taɓa faruwa da shi in an kawo masa irin wannan, da yadda ya yi ya yanke kuɗi. Ni dai asali nake fara tambaya: wa ya ƙera, wa ya riƙe, a wane gida ta kwana. Takobin nan Gajere da ke fadar Katsina ba tsawo ne ya ɗaukaka shi ba, sunansa ma ya nuna. Sarkin Katsina Korau da ya riƙe shi ne ya sa har yau yake cikin kayan sarauta.

Jikan Maƙera, Daura:
Wa alaikumus salam Alhaji. Asali gaskiya ne, mu Daurawa ba za mu musa ba, tunda wuƙar da aka ce maƙeran Gaya sun ƙera wa Bayajida ya kashe macijin Kusugu da ita muke tinƙaho. Amma baki yana iya ƙara wa wuƙa shekaru, ƙarfe kuwa ba ya yi. Ni in an kawo min, magagari nake ɗauka in goga a bakin kaifin a hankali. In ya zame bai ci ba, ƙarfen ya sha wuta daidai. In ya kama yana ci, mai laushi ne, ko sau nawa ka wasa zai dakushe. Daga nan in ƙyasta ta da farce in saurari amonta, don mai tsaga a ciki ba ta yin ƙara mai tsawo.

An taɓa kawo min wata aka ce tun kafin Turawa su shigo Katsina a 1903 take. Ina juya ta na ga inda ramin ƙusar sifirin mota yake, an buge shi ya rufe amma tabon yana nan. Na gaya wa mai ita, kuma na saya, da kuɗin wuƙar aiki ba na kayan tarihi ba. Ba aibi ba ne, sifirin mota ya fi yawancin ƙarfen tama da kakanninmu suka narka riƙe kaifi. Shekarun ne kawai ba su kai ba. Ku kuma lura da tsatsa: ta gaske baƙa ce, ta zauna cikin jikin ƙarfen. Wadda aka binne a jiƙaƙƙiyar ƙasa da gishiri don ta yi kamar ta tsufa, ja ce, kana gogawa tana bin hannu.

Jikan Mazan Jiya:
Kakana yana cikin sojojin Najeriya da suka shiga dajin ƙasar Bama (Burma) a 1944. Ya dawo da abu biyu: addar soja, da wuƙar nan ta Gurka, mutanen Nefal, da ake kira kukuri. Ya ce musaya suka yi da wani Bagurke da suka yi zaman rami ɗaya. Ruwanta ya lanƙwasa gaba, bayanta kauri gare shi, nauyin duk ya taru wajen kai, akwai ɗan gurbi da aka yanke kusa da ƙota. Na gwada su biyun a kan busasshen reshen darbejiya. Addar ta fi tsawo amma tana tsalle, kukurin kuwa nutsewa take yi. A ciyawa da kara adda ta fi ta nesa ba kusa ba.

Wani dillali ya bi ni har gida, kullum yana ƙara tayi. Ya ce ƙananan wuƙaƙe biyu da ke zama a bayan kuben sun ɓata, don haka daraja ta ragu. Na ce masa gaskiya ne sun ɓata, amma ba ta sayarwa ba ce. Takardar sallamar kakana daga soja tana ajiye tare da ita, kuma a wurina takardar nan ita ce shaidar da Alhaji yake nufi.

Barunje:
Ku yi haƙuri manya, ni mahauci ne, wuƙar da ba ta aiki ban san darajarta ba. Ranar layya wani maigida ya ba ni wata doguwa mai zanen igiyar ruwa a jiki, ya ce daga Saudiyya ya taho da ita, lallai da ita za a yanka masa sa. Na gwada a gashin hannuna, ko aski ba ta yi. Na ce Alhaji wannan azabtar da dabba ne, addini bai yarda ba. Na ciro tawa ta maƙerin unguwarmu, baƙa wuluk. Tasa tana can rataye a falo, can ne wurinta.

Mai Zuwa Maraɗi:
Barunje ka faɗi taka, amma takobi wani fage ne daban. Wurin wani Buzu na sayi nawa. Takobin Buzaye miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, bakinsa a zagaye ba tsini, da kwari-kwari uku a tsakiyar ruwan. Mariƙin kuwa a rufe yake da fata da tagulla. Abin da ya ja ni shi ne tambarin jinjirin wata biyu a jikinsa. Tsofaffin ruwan takubba da yawa daga Turai suka ratso Sahara, musamman daga Solingen ta Jamus, aka yi musu mariƙi da kube a nan. Sai dai maƙeranmu ma sun riƙa buga wannan tambari a nasu, don haka tambarin kaɗai ba hujja ba ne. Mutumin da kansa ya kafa bakin takobin a ƙasa ya danna har ya lanƙwasa, yana saki ya miƙe sak. Wannan ne ya sa na biya ba ja-in-ja.

Abu ɗaya Alhaji, kada sabon kube ya sa ka raina ruwa. Fata tana mutuwa, hamila tana tsinkewa, ana sabunta su tun zamanin da. In kuma ka ga kube ya buɗe ƙasa kamar ganye, wannan na Sudan ne, irin wanda alhazan ƙasa suka riƙa tahowa da shi.

'Yar Mai Doki:
Sallama gare ku iyayena da yayyena. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da takobinsa yake hawan Sallah duk shekara, kuma wajen rabon gado ni ya faɗo wa. Ƙannena sun matsa a kai shi wurin masu injin wasa a goge shi ya yi fari tas kafin a yi masa kuɗi. Akwai rubutun Larabci kusa da mariƙin da ya fara dushewa, shi ne ya sa na hana. Na naɗe shi da zane na sa ƙarƙashin gado. Baba na Daura, me ya kamata in yi?

Jikan Maƙera, Daura:
Allah ya jiƙan Baba. 'Yata, kin kyauta da kika hana. Injin wasa zai cinye rubutun nan cikin minti ɗaya, kuma zafinsa yana sassauta kaifi. Masu saye na gaske baƙin tsufan nan suke nema, in ya tafi ba ya dawowa. Ki zare shi daga kube, don fata tana riƙe danshi, da damina ita ke haifar da tsatsa. Ki shafa man keken ɗinki kaɗan da tsumma mai laushi, kada ki sa man gyaɗa, yana daskarewa ya yi danƙo. Kuben a shafa masa man kaɗe a ajiye daban. Ki ɗauki hoton rubutun da rana, haske yana zuwa daga gefe, ki kai wa malami ya karanta, ki rubuta abin da ya ce tare da sunan Baba da na wanda ya gada a wurinsa. In za a nuna wa wani, ya zo gida ya gani. Da halin tsaron da ake ciki, da rigimar ƙauraye a gari, kada wani yaro ya ɗauko shi ya bi titi.