Muhawara: 'yar manhajar saka ƙ da emoji, taimakon mai koyo take yi ko sangarta shi?

'Yar Pantami: Assalamu alaikum. Ina da tambaya, kuma ina so a amsa mini a gaban Malam. Na liƙa wa Chrome ɗina wata 'yar manhaja da ke fito mini da ƙ, ɗ, ɓ, alamar ₦ da emoji, sai dai in danna kawai. Da ita na rubuta shafin shagon turaren wuta na yayata. A laftof ɗina komai lafiya lau. Da na ɗora shafin a intanet, duk inda na rubuta "ƙamshi" sai ya koma "Æ™amshi", farashin kuma ya fara da "â‚¦". Ranar Asabar, a ajinmu na koyon gina shafin intanet, Malam ya ce in cire ta, wai duk wanda ya fara koyo da irinta ba zai taɓa iya aikin ba. Da gaske ne?

Malamin aji: Wa alaikumus salam. Na faɗa, kuma ina kan bakana. Ga shaida nan kin kawo da kanki. Kin danna maɓalli, harafi ya fito, ba ki san ko mene ne shi ba a wurin kwamfuta. Ita kwamfuta ba ta san ƙ ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, kowane harafi da lambarsa: ƙ ita ce U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, alamar naira U+20A6. Ni da na koya, da hannu nake rubuta `ƙ` in sami ƙ, `₦` in sami ₦. Wanda ya sha wannan wahalar, ranar da shafinsa ya lalace ya san inda zai duba. Wanda aka saba tauna masa a ba shi a baki, sai dai ya zo nan yana tambaya.

Hamman Tumfure: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma a nan ban bi ka ba. Manhajar ba ta da laifi ko kaɗan a abin da ya sami ƙanwata. Ƙ ɗin da ta saka mata, da wanda kibod zai saka, da wanda za ta kwafo daga jarida, duk U+0199 ne, babu bambanci ko na ƙwayar zarra.

Ga abin da ya faru. An adana fayil ɗinta a UTF-8, wato tsarin da ke mayar da haruffa ƙananan lambobi da ake kira bayit, inda ƙ ke cin bayit biyu, C6 da 99. Ba ta gaya wa burauza cewa UTF-8 ne ba, sai burauzar ta karanta da tsohon tsarin Windows-1252, wanda ke ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda. A can C6 shi ne Æ, 99 kuma ™. Shi ke nan Æ™. Ƙanwata, ki duba saman fayil ɗin, cikin `<head>`, ki sa `<meta charset="utf-8">` tun daga farko-farko, don ƙa'ida ita ce ya zo cikin bayit 1024 na farko. Layi ɗaya ne.

Malamin aji: To ai ka taya ni magana. Da `ƙ` ta rubuta, da wannan matsalar ba ta taso ba, domin duk haruffan da ke cikinsa na ASCII ne, wato haruffa da alamomin Turanci na yau da kullum, kowane tsari zai karanta su daidai.

Hamman Tumfure: Gaskiya ne, ba ta taso ba. Amma ɓoye ciwon aka yi. Ka ɗauki shafi mai sakin layi ashirin na Hausa, kowace ƙ da ɗ da ɓ ta koma lamba. Bayan wata uku mai shago ta ce a gyara jimla guda, wa zai iya karanta fayil ɗin? "Ɗanɗano" kaɗai zai zama `Ɗanɗano`. Ita kanta W3C, mai fitar da ƙa'idojin yanar gizo, shawararta ita ce a adana a UTF-8 a rubuta harafin kai tsaye, a bar lambobin nan don haruffan da ba a gani ko waɗanda ke da wata ma'ana a HTML, irin su alamar `<`. Sannan ranar da masu saye suka fara cike fom a shafin, ba za su rubuto maka lamba ba, ƙ ɗinsu za su rubuto, ciwon ya dawo sabo.

Baffan Jekadafari: 'Ya'yana, ni ban san lambobinku ba, shagon buga takardu nake da shi. Amma ina bayan Malam ta wata fuskar. Kafin ka liƙa irin waɗannan manhajoji, akwai rubutun da ke fitowa, da yawansu suna neman izinin karantawa da sauya duk abin da ke shafukan da kake buɗewa. Yara ba sa karantawa, dannawa suke yi. A kwamfutocina mutane ke cike fom ɗin jarrabawa da na neman aiki, suna shigar da kalmar sirri da lambar asusu. Wani yaro ya taɓa sa mini wata ta emoji, watanni tana aiki lafiya, rana ɗaya ta fara cusa tallace-tallace a kowane shafi. Sai da na wuni ina goge-goge. Tun daga ranar na hana. Don ka sa fuska mai dariya ka miƙa wa wanda ba ka sani ba makullin ɗakinka?

Hamman Tumfure: Baffa, wannan kam na sallama. Don ta iya saka harafi cikin akwatin rubutu na kowane shafi, dole a ba ta damar taɓa shafin, kuma tana sabunta kanta ba tare da ta tambaye ka ba. Sai dai akwai waɗanda kwafa kawai suke yi maka, kai ka liƙa da kanka, su ba sa buƙatar wannan izinin. A duba kafin a sa.

Ɗalibin Kashere: Ni abin da ya ɗaure mini kai, me ya sa ake neman manhajar tun farko? A Windows ka danna maɓallin Windows tare da ɗigo, akwatin emoji zai fito. Kuma akwai kibod na Hausa a cikin saitin harsuna, ƙarawa kawai za ka yi. A waya Gboard na da Hausa. Mu da yawa a ajinmu ma da waya muke koyo saboda ba mu da laftof, kuma Chrome na Android ba ya karɓar irin waɗannan manhajoji sam. Wato rigimar ta masu laftof ce.

Addan Bolari: Ku ba ni dama. Hausa nake koyarwa a sakandare, kuma na jima ina karanta ku ina jin zafi a raina. Kuna ta gardama kan ta inda ƙ za ta shigo, alhali yawancin mutanenmu sun daina rubuta ta gaba ɗaya. Ku duba allunan shaguna daga Babbar Kasuwa har Tudun Wada, ku duba abin da ake rubutawa a Facebook. Kafa da ƙafa an maishe su ɗaya. Kura da ƙura ɗaya. Bari da ɓari ɗaya. Ɗalibi ya rubuta mini "kare ya kare" yana nufin kare ya ƙare, na ce ya karanta, shi ma ya tsaya yana kallon takardar. Ga yarinya ta damu har ta je ta nemo hanyar da za ta rubuta ƙamshi daidai, maimakon a yaba mata sai a ce ba za ta iya aiki ba? Malam, ka yi haƙuri, maganar ta yi nauyi. Idan aka tsananta, abin da za ta yi shi ne ta koma rubuta k, shafin ya yi kyau a ido, harshen ya ci gaba da zubewa.

Kuma a Gombe muke. Masu rubuta Fulfulde suna buƙatar ɓ da ɗ kamar mu, ga ŋ da ƴ a kai. Mu a Najeriya 'y muke rubutawa a Hausa, a Nijar ƴ suke sawa. Wanda zai yi wa ƙungiyar makiyaya shafi, ko ya yi wa abokan ciniki daga Nijar, kibod ɗaya ba lallai ya ishe shi ba.

Malamin aji: Adda, na karɓi gyara kan lafazin. Ban yi nufin in kashe mata gwiwa ba, tana cikin masu ƙoƙari a ajin. Batun rubuta lambobi a ko'ina ma na janye, Hamma ya fi ni hujja. Amma asalin maganata tana nan. Abin da nake tsoro shi ne ɗalibin da duk matsalar da ta taso sai ya tafi neman abin da zai liƙa. Yau na saka harafi, gobe na zaɓen launi, jibi na rubuta masa shafin ɗungurungum. Shekara ta zagayo bai san abin da ke ƙarƙashi ba.

Hamman Tumfure: Wannan tsoron ina da shi ni ma, sai dai cire manhajar ba ya koyar da komai. Bari in ba ku abin da ya same ni. Na yi wa wani shagon sayar da atamfa wurin da masu saye ke barin sharhi. Na gwada da ƙ da ɗ, lafiya. Aka buɗe, wata ta rubuta yabo ta sa fuska mai murmushi a ƙarshe, sharhin ya ƙi shiga rumbun bayanai. Kwana biyu ina nema. Ashe a MySQL, manhajar rumbun bayanan, abin da suka daɗe suna kira utf8 bayit uku ne iyakarsa. Ƙ bayit biyu ce, ₦ uku, sun wuce. Emoji irin 😀 huɗu yake ci. Sai ka zaɓi utf8mb4, wanda suka ƙaro a 2010, shekarar da emoji suka shiga Unicode a fitowa ta 6.0. Ba ni da wata manhaja a burauza a lokacin, da hannuna nake komai, kuma bai hana ni faɗawa ramin ba.

Ga wani. Ku buɗe wurin gwaji na burauza ku rubuta `"😀".length`, JavaScript zai ce 2, domin da UTF-16 yake lissafi. Idan ka ƙayyade tsawon saƙo kana yankewa, kana iya raba emoji gida biyu ya koma shara. Na uku ya fi shafar mu: bincike. Mai saye zai rubuta "kamshi" a akwatin nema, kayanki kuma "ƙamshi" aka rubuta, ba zai samu ba. Masu Faransanci suna da dabarar da ke raba é zuwa e da alamarta a jefar da alamar, amma Unicode bai raba ƙ haka ba, harafi ce mai zaman kanta. Dole ka rubuta da kanka cewa wajen nema a ɗauki ƙ da k ɗaya, ɗ da d, ɓ da b. Darussan da ake koya da Turanci ba za su gaya maka wannan ba, don ba matsalarsu ba ce. Irin wannan nake so a koyar ranar Asabar.

Addan Bolari: Tunda an zo nan, ku warware mini wata. Makarantarmu na tura wa iyaye saƙon tes. In na rubuta da ƙ da ɗ sai kuɗin ya ninka, shugaban makaranta ya ce in daina. Me ke jawo haka?

Hamman Tumfure: Adda, saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar haruffa 160, amma cikin wani ƙaramin jerin haruffa da babu namu masu lanƙwasa. Da zarar ƙ ɗaya ko emoji ɗaya ya shiga, duk saƙon ya koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal. Saƙo mai haruffa 150 da zai tafi a ɗaya sai ya rabu uku. Babu dabarar da za ta kauce wa wannan, sai dai a gajarta saƙon ko a tura ta WhatsApp.

Addan Bolari: To zan gajarta. Ƙ ɗin ba zan cire ba.

Malamin aji: Ga abin da na yanke game da ajina, wanda bai yarda ba ya faɗa. Asabar mai zuwa kowa zai gina tasa. Shafi ɗaya, maɓallai na Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ ŋ ₦, kowanne in an danna ya kwafe harafin da `navigator.clipboard.writeText`, ya kuma nuna lambarsa a ƙasa. HTML ne da CSS da JavaScript kaɗan, bai fi layi hamsin ba. Ba ya neman izinin karanta shafin kowa, don haka Baffa ma zai iya sa shi a shagonsa. Wanda ya gina wannan ya ga dama ya liƙa ta wasu daga baya, ba ruwana. Kafin nan dai a cire.

Ɗalibin Kashere: Malam, a tuna musu kwafewar ba ta aiki sai shafin yana kan HTTPS ko localhost, wato kan kwamfutarka. Na taɓa ɗora irinsa a adireshi mai http kawai, maɓallan suka yi shiru.

Hamman Tumfure: Aikin ya yi, zan zo in taya dubawa in sha Allah. "Kafin nan a cire" ɗin ne har yanzu ban ga dalilinsa ba, in dai ta duba izinin ta ga mai kwafa ce kawai. Shagon yayarta ba zai jira Asabar ba.

'Yar Pantami: Na gode muku duka. Na sa layin da Hamma ya ce, ƙamshi ya dawo, ₦ ma ta dawo. Saura biyu. A kanun shafin ƙ ɗin ta fi sauran haruffa siranta, kamar ba 'yar gidan ba. Sannan tutar Najeriya da na sa tana fitowa a wayata, a laftof kuma NG kawai nake gani.

Hamman Tumfure: Na farko, salon haruffan da kika zaɓa wa kanun ba shi da ƙ, sai burauza ta aro daga wani salon. Ki sauya zuwa Noto Sans na Google ko Andika na SIL, duka suna da haruffanmu, kuma kafin ki zaɓi kowane salo ki gwada shi da "Ƙaƙƙarfan ɗanɗano ɓoye". Na biyu, tutar alamomi biyu ne, na N da na G, waya ke haɗa su ta zana tuta, Windows kuma ba ya zanawa. In kina so kowa ya gani, ki sa hoton SVG.

'Yar Pantami: To. Malam, na duba izinin tawa, tana cikin masu neman karanta duk shafuka, don haka na cire ta na ƙara kibod na Hausa. Amma da na sami mai kwafa kawai, da na bar ta. Ƙarfe nawa ne ajin, goma ko sha ɗaya?

Malamin aji: Goma. Ku zo da caji, ba tabbas a sami wuta.