Neman kalma: me za mu kira "jet lag" da Hausa?

Jama'a, ina koya wa wasu matasa 'yan kasuwa Turancin tafiye-tafiye, kuma yawancin kalmomin ba su ba mu wahala ba, domin hutu, masauki, guzuri da shaƙatawa duk muna da su tun kaka da kakanni. Da muka iso kan "jet lag", wato halin da jikin matafiyi ke shiga idan jirgin sama ya kai shi ƙasar da lokacinta ya bambanta da na gida, sai muka cije.

Ɗaya daga cikinsu ya ce ai gajiyar hanya ce. Ban yarda ba, ga kuma dalilina. Wanda ya tashi daga Abuja zuwa Landan a watan Yuli zai yi kimanin awa 6 a sama, ya sauka da ciwon baya da kumburin ƙafa, amma agogon garuruwan biyu ɗaya ne a wannan lokaci na shekara, saboda haka da zarar ya yi barcin dare ɗaya ya wartsake. Wannan ita ce gajiyar hanya da muke yi wa baƙo sannu da ita.

Ɗan kasuwar da ya je Guangzhou sarin kaya kuwa, abin da ke samunsa daban ne, domin agogon Sin ya riga na Kano da awa 7. Na gan shi a kan abokin tafiyata: ƙarfe 2 na dare yana zaune a bakin gado ido biyu, yana neman abinci, saboda a gida an idar da magariba ke nan, lokacin tuwo ya yi. Da ƙarfe 9 na safe, sa'ad da ya kamata a fita kasuwa, sai ga shi yana gyangyaɗi da kofin shayi a hannu. Jiki yana da nasa agogon da ya saba da fitowar rana da faɗuwarta, kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya daidaita da sabon wuri, musamman idan gabas aka nufa. Alhazai ba su cika jin abin sosai ba, tunda tsakaninmu da Jidda awa 2 ne kawai.

An kawo "mayen jirgi", wadda take da daɗin faɗi, sai dai mai sauraro zai ɗauka jiri da tashin zuciya ake nufi. An kuma kawo "rikicewar barci", amma ta bar yunwa da kasalar rana a waje, kuma mai jego ma barcinta a rikice yake ba tare da ta je ko'ina ba.

Ni na fi karkata ga "saɓanin agogo", wato agogon jiki ya saɓa da na garin da aka sauka. Na gwada ta a kan wani dattijo da bai san Turanci ba, na ce masa, "Baba, ɗanku ya dawo lafiya, amma saɓanin agogo bai sake shi ba tukuna." Sai ya ce, "To, a bar shi ya kwanta, darensu ne ya yi a can."

Malaman Hausa da masu fassara a gidajen rediyo, ko akwai wadda kuka riga kuka tsayar?