Kafin ka sayi ɗan tsanan Darth Vader

Shawarar da masu tara 'yan tsanan fina-finan Star Wars suka fi nanatawa ita ce ka san asalin kayan. Kwalkwalin Darth Vader, mugun da ke cikin fina-finan, a dube shi da kyau: bajewar ƙeyarsa ta mayaƙan samurai na Japan ce, an gauraya da hular kwanon sojan Jamus. John Mollo, wanda ya tsara suturar fim ɗin Star Wars na farko na 1977, masanin kakin soja ne, har ya ci lambar yabon fina-finai ta Oscar.

Sai batun jabu. 'Yan tsanan da kamfanin Kenner ya yi a 1978 ake rububi, amma 'yan makamansu an sha kwaikwayonsu, a duba sosai. Kada a ɓare kwalin, daraja ke zubewa. Rana kuma mayar da farin ɗan tsanan Stormtrooper, sojan nan mai farin sulke, rawaya take yi.